Yadda za ka rage kashe kuɗin yau da kullum ba tare da ka ƙuntata wa iyali ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, lissafin kowane gida a Najeriya ya sauya. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, amma duk wanda ke riƙe da gida ya san kasuwa ta riga ta yi gaba. Farashin mai da na Dala ba a hannunmu suke ba. Abin da ke hannunmu shi ne ƙananan ƙofofin da kuɗi ke zurarewa kullum, waɗanda ba ma lura da su saboda kowacce ba ta kai a tsaya a kanta ba. Ga yadda na bi na toshe nawa, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: rubuta komai na kwana talatin

Kada ka fara da rage komai. Sayi ƙaramin littafi irin na 'yan firamare, ka sa shi a aljihu da biro. Duk naira da ta fita ka rubuta: kuɗin Adaidaita Sahu, ruwan leda, goro, katin waya, naira ɗarin da ka miƙa wa yaron maƙwabci, canjin da mai shago ya ce babu ka bar masa. Ka roƙi uwargida ita ma ta riƙe nata littafin na cefane. Ka gaya mata dalili tun farko, cikin mutunci, don kada ta ɗauka tuhuma ce.

Watan farko da na yi haka, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shafin masu POS. A lokacin, a unguwarmu naira 100 ake cira a kan kowace 5,000. Ina zuwa sau uku a mako, wani lokacin sau huɗu, domin ina ganin cirar kuɗi kaɗan-kaɗan ita ce tattali. Sau uku a mako naira 300 ke nan, a shekara 15,600. Na biya wannan kuɗi ne kawai don in karɓi kuɗina. Da yayyafi kogi kan cika, kuma da yayyafi aljihu kan ƙare.

Idan wata ya cika, ku zauna ku biyu bayan yara sun yi barci. Ku raba abin da kuka rubuta gida uku: wanda ba makawa, kamar abinci, haya, makaranta da magani, wanda ake buƙata amma ana iya samunsa da sauƙi, da wanda aka saya don sha'awa ko don kunyar idon mutane. Abin da za ka rage yana cikin gida na biyu da na uku, na farko kuwa yadda ake sayensa da amfani da shi za ka gyara.

Mataki na biyu: cire na ajiya tun ranar da kuɗi suka shigo

Wanda ya ce zai ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata ba zai ga abin da ya rage ba. Ranar da albashi ya shigo, ko ranar da ciniki ya faɗa, ka fara ware na ajiya, ko da kashi biyar ne cikin ɗari. Ka sa shi inda hannu ba ya kaiwa da sauri: asusun banki da ba ka karɓi katinsa ba, ko adashe a wurin uwar adashen da aka san amanarta shekara da shekaru. Idan kana da zaɓi, ka nemi kwasarka ta faɗo a lokacin kaka. Dalilin yana cikin mataki na gaba.

Mataki na uku: daina awon kullum, koma sayen kaka

Nan ne kuɗin suke, don haka zan daɗe a nan. Mai ƙaramin ƙarfi shi ne yake sayen abinci mafi tsada a gari. Yana sayen shinkafa gwangwani-gwangwani, man gyaɗa a ƙulle a leda, sukari ƙulli-ƙulli, sabulun wanki a ƙaramar takarda. Kowane hannu da kayan suka bi, daga dillali zuwa mai shagon unguwa, ya ɗora ribarsa, kuma mai sayen ƙulli ne ke biyan duka.

Hatsi yana da lokacinsa. Gero kan fara shigowa tun Satumba, masara a Oktoba, dawa da wake daga Nuwamba zuwa Disamba. A wannan tsakanin ne kasuwa ke cika, farashi ya sauko. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sai ya sake hawa. A Kano, Dawanau ce uwar kasuwar hatsi, Singa ta kayan masarufi, Yankaba ta kayan gwari, kuma kowane gari yana da nasa kwatankwacin, ga kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako. Idan buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku huɗu, 'yan uwa ko abokan aiki, ku saya ku raba da kwano. Buhun da ke cin kwano 40, kowa ya tashi da goma, kuɗin mota kuma a raba shi huɗu. Haka ake yi da jarkar mai da katan ɗin taliya. Iyayenmu sun daɗe da sanin wannan dabara wajen nama, shi ya sa ake watanda.

Ka saya don ci, ba don jiran riba ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka cika ɗakuna suna jiran tsada da yawa sun tafka asara. Wanda ya sayi abincin gidansa na wata huɗu ko shida bai yi asarar komai ba, domin cinye shi zai yi.

Ajiyar ita ma tana da ƙa'ida, musamman ta wake, wanda ƙwari ba sa ɗaga masa ƙafa. Ka shanya shi ya bushe ƙarau, har idan ka ciza ya fashe da ƙara. Sannan ka zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Idan babu, jarka mai tsabta da ta bushe ta wadatar: ka cika ta har wuya, ka rufe ruf, kada ka yi ta buɗewa. Rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Don Allah kada a zuba maganin feshi a abincin da yara za su ci. Ragowar irin wannan magani ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da wasu suka ƙi ci don lafiyarsu, bai kamata mu sa shi a tukunyarmu ba. Buhunan kuma a ɗora su a kan katako, nesa da bango da danshin ƙasa.

Kayan miya su ma haka. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani ke fitowa daga su Kadawa da Kura, kwando kan yi araha ƙwarai. Da damina kuwa tumatiri huɗu sai su gagari mutum. Uwargida ta yanka shi ta shanya a kan tabarma mai tsabta a rana, ko ta markaɗa ta dafa har ruwan ya ƙone, ta zuba a kwalaben da aka tafasa, ta rufe, ta sake tafasa su a rufe. Tattasai, attarugu da kuɓewa duk suna busuwa. Na tuna kakata da igiyar busasshiyar kuɓewa rataye a rumfa, da tulun kuka da daddawa a kusurwar ɗaki. Ban taɓa jin ta ce yau babu miya ba.

Mataki na huɗu: gyara yadda ake girki

Gas da gawayi sun zama cefane na biyu. A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri. A rufe tukunya, kuma idan ta tafasa a rage wuta, domin ƙarin wuta ba ya ƙara wa tafasasshen ruwa zafi. A yanka komai kafin a kunna murhu. Miyar kwana biyu a yi ta lokaci guda. A auna abinci da yawan bakin da ke gida, tuwon da ya kwana kuma ya zama ɗumamen safe, wanda ya fi shayi da burodi riƙe ciki.

Maigida ma yana da nasa rabon. Idan kana cin abinci a waje kowace rana a wurin aiki, ka ninka kuɗin faranti ɗaya sau ashirin da biyu ka gani. Kular abinci daga gida da gorar ruwa sun isa su biya wani ɓangare na kuɗin makarantar yaro.

Mataki na biyar: waya, wuta da hanya

A Janairun 2025 hukumar NCC, mai kula da harkar sadarwa, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Shiga WhatsApp ka kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. A Facebook ka hana bidiyo kunna kansa. Ka duba cikin saitin wayarka wace manhaja ce ta fi shan data, za ka same ta a saman jeri. Ka daina rancen kati: ka ranci na 100 a ba ka 85, ka biya 100.

Wutar lantarki kuma, a Afrilun 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ware a matsayin masu samun wuta awanni mafi yawa, daga baya aka ɗan rage. Ƙwan fitila na da yana cin wat 60, na LED mai irin haskensa bai wuce 9 ba. A gida mai ƙwai biyar da ke kunne awa shida a rana, bambancin ya kai yunit 46 a wata, wato sama da naira 9,000 ga wanda ke wannan rukuni. Ko ba ka cikinsa, ragin yana nan daidai gwargwado. Guga a tara ta a yi sau ɗaya a mako.

Zirga-zirga ka haɗa ta. Banki, kasuwa da gaida mara lafiya su zama fita ɗaya. Tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba a yi ta a ƙafa, da sanyin safiya ko bayan La'asar.

Mataki na shida: biki, anko da idon mutane

Wannan ya fi duka wuya, domin ba lissafi ba ne, zuciya ce. Gidaje da yawa da na sani ba abinci ne ya jefa su bashi ba, hidima ce. Biki ɗaya anko biyu ko uku, ga gudummawa, ga ɗinki, ga kuɗin mota, kuma a wata ɗaya ana iya samun biki uku da suna biyu. Zumunci wajibi ne, ba na cewa a yanke shi. Amma zuwa shi ne zumunci, ba atamfa ba.

Ku ware wa hidima kuɗi tsayayye kowane wata. Idan sun ƙare, a je da fatan alheri da taimakon hannu, a kama aikin girki, a yi wanke-wanke. Ku yanke shawara cewa anko sai na ɗan ɗaki ko aminin da ba makawa. Idan an kawo, uwargida ta ce, "Yaya, wannan karon ba zan samu yi ba, amma in sha Allahu da ni za a yi komai." Maganar kwana biyu za a yi a manta, bashin atamfa kuwa sai ya yi wata uku yana bin mutum. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Kayan Sallah a saye su a Kantin Kwari tun watan Rajab ko Sha'aban, a kai wa tela kafin layi ya yi tsawo ya ƙara kuɗi.

Mataki na bakwai: rufe ƙofar bashi, amma ka san inda ba a ragewa

Littafin bashin mai shago yana da daɗin buɗewa, sai dai wanda ke karɓa bashi ba ya iya taya kaya, ba ya iya zuwa wani shagon. Ka biya shi a hankali har ya rufu. Manhajojin ba da rance na waya kuwa ka goge su gaba ɗaya. Ruwan da suke ɗorawa mai nauyi ne, kuma wasunsu kan bi lambobin da ke wayar mutum suna tona masa asiri idan ya makara. Caca ta ƙwallo ba ta da gurbi a wannan littafi ko kaɗan.

Akwai kuma wuraren da hannu bai kamata ya taɓa ba. Kada ka rage maganin da likita ya rubuta, kada ka cire yaro daga makaranta, kada ka hana yara wake, ƙwai, gyaɗa da ganye don ka ga lissafi ya yi kyau. Kada ka yanke abin da kake aika wa iyaye. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda idan za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani. Takalmin makaranta mai ƙarko da zai yi shekara ya fi mai araha da za a saya sau uku.

Mataki na takwas: sake zama a ƙarshen wata na biyu

Ku ɗauko littattafan biyu, ku kwatanta da na watan farko, shafi da shafi. Abin da ya ragu kada ya narke cikin cefanen gobe. Ku ƙirga shi, ku kai shi inda ajiyar mataki na biyu take. Farkon abin da za ku tara shi ne kuɗin cefanen wata guda, wanda ba a taɓawa sai rashin lafiya ko tsaikon albashi. Idan wannan ya cika, abin da ya biyo baya na buhun kaka ne. Ku rubuta a bangon littafin wane hatsi za ku fara saya, kwano nawa gidan ke ci a wata, da sunayen mutum ukun da za ku haɗa kuɗin buhu da su kafin Nuwamba.