Yadda za ka hana gubar dalma biyo ka gida

Shekara bakwai na yi ina fasa tsofaffin batiran mota. Mu tsiyaye ruwan batir, mu fasa robar da guduma, mu zaro farantan ciki mu narka, mu bar dalmar ta daskare a sayar. Da yamma in karkaɗe rigata in kama hanya, ina shiga gida 'yata ta biyu ta rugo ta rungume ƙafafuna. Wandon da take rungumewa shi ya sa mata ciwo, ni kuwa ban sani ba. Ta kai shekara biyu da rabi ba ta haɗa kalma biyu, ga ciwon ciki, ga ƙin abinci, ga kukan da ba dalili. Mun yi ta maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki, har ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce, "Malam, wace sana'a kake yi?" Da na faɗa mata, sai ta ajiye biro ta ce a ɗebi jinin yarinyar.

Abin da na koya tun daga ranar shi zan faɗa maka, musamman idan kana aikin batir, ko gyaran lagireto, ko narka tsofaffin ƙarafa, ko haƙar ma'adinai, ko kankare tsohon fenti, ko kuma kana zaune kusa da masu yi.

Ka fara sanin cewa dalma ƙura ce kafin ta zama ciwo. Ba ta wari, ba ta ƙaiƙayi, ba ta sa tari a nan take. Tana kwanciya a gashi, a ƙarƙashin farce, a takalmi, a ƙasan ɗaki inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa, kuma babu wani adadi, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ba ya cutarwa. Jiki yana ɗaukarta tamkar sinadarin kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi da haƙora shekaru da dama. Ƙwaƙwalwar da take kan girma ita ta fi shan wahala, kuma abin da ya lalace a nan ba ya gyaruwa.

Duk manyan bala'o'in dalma da na bibiya, ta ƙofar gida suka shiga. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda mutane suna tankaɗe ƙasar da aka daɗe ana fasa batir a kanta don tsintar dalma, wasu har a tsakar gidajensu. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu, domin ana kawo dutsen zinariya mai ɗauke da dalma cikin ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma ana dakawa ana niƙawa a inda yara ke wasa. Ba wanda ya yi nufin sharri. Neman abinci ne ya shigo da ajali har ɗaka.

Don haka mataki na farko, wanda ya fi duk sauran nauyi, shi ne ka raba wurin aiki da wurin kwana. Kada ka kawo batir, ko dutsen ma'adinai, ko buhun da aka zuba su, ko da na dare ɗaya ne. Ka ware kayan aiki da takalmin aiki, su kwana a can. Ka yi wanka da sabulu ka wanke kai kafin ka sa kayan komawa gida. In babu wurin wanka, to ka wanke hannu har gwiwar hannu da fuska, kuma kada ka ɗauki yaro sai ka yi wanka. Karkaɗe riga, wanda na yi shekara bakwai ina yi ina ganin tsabta ce, tayar da ƙurar kawai yake ka shaƙa. Kayan aikin a wanke su daban, a bokitinsu daban, kuma ba mai juna biyu ce za ta wanke ba. Kada ka ci abinci ko ka sha taba da hannun aiki. Wayarka ma ka goge ta da ɗanyen tsumma. Ni wayata yarinyar ta sha tsotsa.

Sai sharar gida. A nan ne muka fi samun saɓani da uwargida, don na ce a daina share ɗaki da busasshiyar tsintsiya, ta ce tun da aka haife ta haka ake shara. Gaskiyarta, amma tsintsiya ɗaga ƙurar take ta sauke ta a kan shimfiɗa da kwanuka. A jiƙa tsumma a goge ƙasa da bakin taga da ƙofa, a wanke tsumman, a zubar da ruwan nesa da inda yara ke wasa. In tsakar gida ƙasa ce, a yayyafa ruwa kafin a share, a shimfiɗa wa mai rarrafe abin da za a iya wankewa. A wanke hannun yaro kafin ya ci da kafin ya kwanta, da kayan wasansa. Idan kuwa an taɓa narka dalma ko niƙa ma'adinai a filin, goge-goge ba zai isa ba. A ƙauyukan Zamfara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka binne ta a ramuka na musamman, aka zubo sabuwa. Wannan aikin hukuma ne da ƙwararru, kuma haƙƙinku ne ku taru ku nema. Garin Kabwe na Zambiya ya nuna abin da ke faruwa in an bar shi: an rufe mahaƙar dalmar da ke can tun 1994, amma har yau ƙasar garin tana sa wa yara guba.

Ko ba ka aiki da dalma, tana da wasu ƙofofin. Tsohon fenti na ɗaya daga ciki. Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje tun 1978, amma ƙasashe da yawa sun daɗe ba su yi dokar ba. In fenti yana ɓarewa, kada ka goge shi a bushe, kada ka ƙona shi. Ka jiƙa, ka kankare a hankali, yara da masu ciki suna waje. Akwai tukwanen da ake ƙerawa da tarkacen ƙarafa, da kwallin da ake niƙawa daga dutsen dalma, wanda bai kamata ya kusanci idon jariri ba. Akwai kuma ruwan famfo a gidajen da ke da tsofaffin bututu. A birnin Flint na Amurka, a 2014 aka sauya inda ake ɗebo ruwa ba tare da sa maganin hana cin bututu ba, dalma ta narke ta shiga kofunan mutane. In kana zargin bututunka, ka bar famfo ya zuba na ɗan lokaci idan ruwan ya kwana a ciki, ka yi girki da sha da ruwan sanyi kawai. Tafasawa ba ta cire dalma. Ruwa ne ke ƙonewa, ita ta ƙara kauri.

Gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta. Yawancin yaran da ke ɗauke da ita ba su da wata alama, shi ya sa rahoton UNICEF na 2020 ya girgiza ni: kusan yaro ɗaya cikin uku a duniya, har miliyan 800, dalmar da ke jininsu ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini ko ta wuce. Idan ka je asibiti, kada ka jira a tambaye ka, ka ce, "Ina aiki da dalma, ina so a gwada yarana." A gwada duk na gidan, har da mai ciki, domin dalmar da ke ƙashin uwa tana fitowa lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi. Yaron da ya fara amai, ko jijjiga, ko barcin da ba ya farkawa da sauƙi, a garzaya da shi nan take.

Akwai maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, amma likita ne ke ba da shi, kuma sai ta yi yawa sosai. Likitocin sa-kai na MSF a Zamfara sun dage sai an tsabtace ƙauye kafin a ɗora yaransa a kan magani, domin mayar da yaro cikin ƙurar zuba ruwa ne a kwando. Abinci mai sinadarin ƙarfe da kalsiyam yana rage yawan abin da hanji ke tsotsa, kuma cikin da ba komai ya fi tsotsa, don haka kada yaro ya wuni da yunwa.

'Yata ba ta kai matakin shan maganin ba. Mun wanke gidan daga sama har ƙasa, mun yar da shimfiɗar da nake zama a kai in na dawo, aka riƙa maimaita gwajin bayan 'yan watanni, lambar tana sauka a hankali kamar ba ta so. Yanzu tana makaranta. Karatu yana yi mata nauyi fiye da yayarta, kullum da dare sai mun zauna mun sake bin abin da aka koya musu.