Yadda Uba Zai Tsara Yarjejeniyar Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure a Legas

Idan aure ya mutu tsakanin Hausawan Agege, Mile 12 ko Idi-Araba, yawanci maganar yara takan ƙare ne a gaban limami ko a fadar sarkin Hausawa, a ce uwa ta riƙe, uba ya ciyar, kowa ya watse. Sulhun manya abu ne mai albarka, sai dai maganar fatar baki ba ta jure ranar da uwa za ta kwashi yara ta koma gidan iyayenta a Kano ko Sakkwato, uba kuma yana nan kudu wajen neman abinci. Saboda haka duk abin da aka amince da shi a rubuta shi.

Kafin rubutu, ya kamata uba ya san matsayinsa. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da reno, ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa da walicci kuwa suna wuyan uba. Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, amma tana da Dokar Haƙƙin Yara ta 2007 da kotun iyali, waɗanda ke fifita maslahar yaro a kan muradin iyaye. Wanda aka ɗaura aurensa a rajista kuma, Dokar Shari'un Aure ta 1970 ce ke kansa. A ganina, uban da ya ɓata ƙarfinsa wajen ƙwace yara ƙanana ya fi yin asara a kan wanda ya tsaya ya tabbatar da haƙƙinsa na ganinsu da sa baki a tarbiyyarsu.

A takardar, a guji kalmomi irin su "lokaci zuwa lokaci" ko "gwargwadon hali", domin nan ne rigima ke ɓuya. A faɗi ranar da uba zai ɗauki yara, da wurin da za a miƙa masa su, da sa'ar da zai mayar, a kuma yi la'akari da cunkoson motocin Legas don kada jinkirin hanya ya zama laifi. A bayyana inda za su yi ƙaramar Sallah da babba, da yadda za a raba dogon hutun makaranta. A rubuta adadin kuɗin ciyarwa na wata, da wanda zai biya kuɗin boko da na Islamiyya da na asibiti, da lokacin da za a sake duba adadin idan kaya suka yi tsada.

Batun ƙaura shi ya fi buƙatar natsuwa. Idan uwa za ta koma Arewa, a fayyace sanarwar da za ta bayar tun da wuri, da wanda zai biya kuɗin motar yara lokacin hutu, da ranakun da za a haɗa su da mahaifinsu ta waya. Haka nan a faɗi makomar riƙo idan ta sake aure, da wanda zai ajiye takardun haihuwa.

Bayan iyaye da shaidu sun sa hannu, a kai maganar Cibiyar Sasanci ta 'Yan Ƙasa, wadda ma'aikatar shari'a ta jiha ta kafa a 1999 kuma ba a biyan kuɗi, ko sashen sulhu na babbar kotun Legas da aka buɗe a 2002, inda alƙali ke amincewa da yarjejeniya ta zama hukuncin da za a iya tilasta bi. Yana da kyau lauya ya karanta ta tukuna.

Daga nan uba ya riƙa tura kuɗin ciyarwa ta banki maimakon ya damƙa a hannun ɗan aike, ya kuma adana rasit na makaranta da na asibiti. Idan aka hana shi ganin yara, kada ya tsayar da ciyarwa don ramuwa, kada kuma ya je ya ɗauke su daga makaranta da ƙarfi, domin duka biyun za su raunana shi a gaban alƙali. Ya koma kotun da ta amince da takardar, da shaidunsa a hannu, ya nemi a zartar da ita.