Idan Kik Ya Ɓace a Wayar Mai Saurare

'Yan'uwa masu haɗa kiɗa a ɗaki da manhajar FL Studio, kafin ku taɓa komai, ku sauke ƙarar gangunan duka, mastan, wato layin da duk sautuka ke haɗuwa, ya tsaya wajen -6 dB a ma'aunin ƙara. Yawancin cunkoson sauti daga nan yake farawa.

Kik (babbar ganga mai bugun ƙasa) da bes (sautin kiɗa mai kauri) rigimarsu ɗaya: dukansu suna zaune a ƙasan sauti, tsakanin 50 zuwa 100 Hz. Zaɓi wanda zai mallaki ƙasan. In bes ne, sa Fruity Limiter, abin danne ƙara na FL Studio, ya riƙa danne bes ɗin kaɗan duk lokacin da kik ya buga. Sannan a Parametric EQ 2, abin rage ko ɗaga sassan sauti, rage wa kik laka, wato dusashewar sauti, wajen 300 Hz, ka ɗan ɗaga wajen 3 kHz. Wannan ƙwas ɗin ne ke fitowa a lasifikar waya, inda mutanenmu suka fi sauraron waƙa.

Kalangu kuma, don Allah a sassauta masa. Daɗinsa yana cikin hawa da saukar muryarsa, in ka matse shi da kwamfuresa (abin matse ƙara) sosai maganarsa ta mutu. Yanke masa abin da ke ƙasa da 100 Hz kawai, ka karkatar da shi gefe kaɗan, kik da bes su riƙe tsakiya.

Kafin ka fitar da waƙar, saurara a mono, wato hagu da dama a haɗe, da ƙaramar ƙara.