Kalmar "Ye" ta allon shagunan Ingila da kurakuran da ake yi a kanta

A titin Fleet da ke Landan akwai wani tsohon gidan cin abinci da shaye-shaye mai suna Ye Olde Cheshire Cheese, wanda aka sake ginawa a 1667 bayan gobarar da ta cinye birnin a 1666. Yawancin masu karanta allonsa, har da Turawan kansu, "yi oldi" suke cewa. Kuskure biyu ke nan a numfashi ɗaya.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar harafin farko a matsayin y. Asalinsa wani tsohon harafi ne, þ, da ake kira thorn, mai sautin th. Da shi ake rubuta the a da, wato þe. A hannun marubuta siffarsa ta yi ta lanƙwashewa har ta koma kamar y. Da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, haruffan ƙarfen da masu ɗab'i ke shigowa da su daga ƙetare galibi babu þ a cikinsu, sai aka riƙa cike gurbin da y. Mu da muke fama da waya marar ƙ, har "baƙi" ya koma "baki", mun san wannan ciwon sarai. Harafin þ bai mutu ba, mutanen Aisland na rubutu da shi har yau.

Gyaran mai sauƙi ne: idan "Ye" ta zo a farkon sunan shago, karanta ta the. Sa kan harshe tsakanin haƙora kamar yadda mai tajwidi ke fitar da ذ, kada ka mai da ita "za" ko "da".

"Olde" kuma old ce kawai, e ɗin ƙarshe ba a furta shi. Ado ne na 'yan kasuwa don shago ya yi ƙamshin tsufa.

Inda ɗalibai suka fi ruɗewa shi ne akwai wata "ye" ta daban, ita kam "yii" ake furta ta. Wakilin suna ce, ma'anarta "ku", kuma ta cika fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611. A can ye ce mai aikatawa, you kuma waɗanda aikin ya faɗa wa. Mutum ɗaya thou ake ce masa. Don haka kiran mutum guda da "ye" don a nuna an iya tsohon Turanci ya saɓa wa wannan tsarin. A wasu sassan ƙasar Ailan har gobe ana jin ta a baka idan ana magana da jama'a.

Ni dai shawarata, kada ɗalibi ya sa ko ɗaya a takardar neman aiki ko ta jarrabawa. Idan ka ci karo da ita a karatu, dubi aikinta: a farkon sunan shago ko wani abu take, ce the; "ku" take nufi, ce "yii".