Wayoyin fulogi: kurakuran da ke sa tsohuwar mota misin da shan mai

Tsohuwar mota mai distiribita (na'urar da ke raba wuta ga fulogi), irin su Fijo 504 da 505, Golf 2 da Starlet da har gobe suke jigila tsakanin Sakkwato da Illela ko Tambuwal, idan ta fara karkarwa a tsaye, ko tana shaƙewa in an taka totur a hawa, kafireto ake fara zargi. A kwance shi a wanke, a sake fulogi huɗu, bayan kwana biyu misin (wato wata silinda ta riƙa ƙin ƙona fetur ɗinta) ya dawo. Sau da yawa laifin yana jikin wayoyin nan masu kauri da suka taso daga hular distiribita zuwa kan fulogi, amma ba a waiwayarsu.

Batir volt 12 yake bayarwa, kwayil ya ɗaga wutar zuwa volt 20,000 ko fiye, wayar ce kuma take kai ta. Wuta mai wannan ƙarfi in ta sami ko siririyar tsaga a roba, ta nan za ta tsallaka jikin inji, fetur ɗin silindar ya fita ta salansa bai ƙone ba. Da tsadar mai tun bayan cire tallafi a 2023, wannan asara ce da direba ke biya kullum. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana busar da robar har ta tsattsage, ƙurar hunturu ta cuɗe da baƙin mai a kanta, damina na zuwa laima ta ƙarasa aikin. Shi ya sa wata motar ba ta gardama sai da safe bayan ruwa, ko bayan an feshe injinta a wurin wanki.

Ɓarnar da ta fi yawa hannu ne ke yin ta. Yaron gareji ya kama tsakiyar waya ya fizge. A waje ba ka ganin komai, amma cikin yawancin wayoyin nan zare ne mai gawayi, ba jan ƙarfe ba, fizga ɗaya tana katse shi ko ta raba shi da ƙarfen bakin. Bari inji ya huce, kama hular robar da ke kan fulogi, murɗa ta dama da hagu har ta saki, sannan ka zaro. In kana tsaye ana aikin motarka, ka yi magana: "Maigida, a kama ta kai don Allah." Ba raini ba ne, kuɗinka ne.

Akwai kuma gwajin da ake yi inji na aiki, a zare waya ɗaya da hannu a ji ko sauti zai canza. Ban da jan wuta da zai iya jefa hannunka cikin fanka, wutar da ta rasa wurin zuwa tana iya ƙona kwayil ko na'urar kunna wuta a motocin da ba su da kontak ('yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa cikin distiribita). Gwajin da ya fi shi kyauta ne: bayan isha'i ka kai motar wuri mai duhu amma a fili, ka buɗe bonet inji na aiki, ka zuba ido. In ka ga tartsatsi shuɗi yana gudu a jikin waya ko kana jin ƙas-ƙas, wayar ta gama. Mai mitar gwajin lantarki kuma ya auna kowace daga baki zuwa baki, yana lanƙwasa ta a hankali. A tsofaffin Toyota, iyakar da kamfanin ya sa ita ce ohm 25,000 ga waya ɗaya. Wadda ta wuce haka, ko lambar ta riƙa tsalle, ta tashi daga aiki.

Naɗe tsagar da salatif ba gyara ba ne. Zai iya kai ka gida daga Gwadabawa, iyakarsa ke nan, domin ba a yi shi don irin wannan wuta ba. Haka sauya guda ɗaya da ta Beljiyam a bar sauran: tare suka tsufa, ka sayi saitin duka har da ta kwayil, na ainihin injinka. Kuma kada a sa wa mota mai injekta (wadda ba ta da kafireto) waya mai zallar jan ƙarfe don wai ta fi wuta, tana rikita kwamfutar motar da rediyo.

Wurin sawa ne ake shiga uku. A cire huɗun gaba ɗaya a zube, sannan a tsaya ana gardamar wacce ke ina. Yawancin injina masu silinda huɗu suna tashi ne 1-3-4-2, sai dai ba daga wuri ɗaya ake fara ƙirga ba: a Golf lamba ɗaya tana gefen bel ɗin taimin, Fijo kuwa daga gefen giya take ƙirga. Wanda ya saba da ɗaya ya zo kan ɗayar da ka, sai mota ta ƙi tashi ko ta yi ta harbi ta kafireto. Ɗauki hoto da wayar hannu kafin ka taɓa komai, sannan ka sauya ɗaya bayan ɗaya, kana gwada tsawon sabuwar da tsohuwar. Danna kowace har ka ji ta ce ƙas a kan fulogi da cikin hula. Mayar da su cikin 'yan maƙalansu, kada su taɓa ƙarfen salansa, kada kuma a ɗaure su dami guda da igiya, don wutar ɗaya tana tsallakawa ɗaya.

In ka zaro hular ka tarar da baƙin mai a ramin fulogi, gasket ɗin murfin inji ne ke yoyo. A sauya shi tukuna, in ba haka ba man zai kumbura sabuwar robar. Tun da hannu ya riga ya ɓaci, buɗe hular distiribita ka duba tsaga ko baƙin layi a ciki, da bakin rota (abin da ke juyawa a ƙarƙashin hular) ko ya cinye. In duk waɗannan lafiya suke misin bai tafi ba, sai a auna kwamfireshin kowace silinda.