Yadda nake jan wasan labari a fadarmu ta Tawa

Kowane daren Asabar, bayan sallar isha'i, muna shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ƙanena ya ɗora butar shayi a kan gawayi, ni kuma in fito da littafin rubutu irin na ƴan makaranta da ƙwayar ludo guda biyu. Mutum biyar ke zama a wannan fada, wato majalisar hirarmu. Kowa yana da mutum ɗaya da yake zama bakinsa a cikin labari: maharbi, maƙeri, bafatake, mai magani, da wani yaro ɗan tsere daga gidan ubangidansa. Duk abin da ya rage a duniyar, daga sarkin kasuwa har kurar da ke kuka bayan tudu, ni nake magana a madadinsa. Yaran sun sa mini suna madugu, kuma na karɓa, don madugu ya san hanya da rijiyoyi, amma kowane mai raƙumi shi ke riƙe da akalarsa.

A Yamai na fara ganin irin wannan wasa, a hannun wasu ɗalibai. Nasu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yin sa da ƙwayoyi masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. Ban taɓa ganin mai fuska 20 a kasuwar Lahadi ta Tawa ba, kuma ban bari hakan ya hana mu ba. Kai ma kada ya hana ka.

Abin da za ka fara koyo shi ne bambancinka da mai tatsuniya. Kakarmu in ta ce "ga ta nan, ga ta nan ku", ta riga ta san inda Gizo zai faɗa kafin ta kai ƙurunƙus. Madugu bai san ƙarshe ba, kuma bai kamata ya sani ba. Daren farko da na ja wasa, shafi takwas na rubuta: ayarin gishiri zai tashi daga Agadas zuwa Bilma, a tare shi a rijiya, a yi kaza, a yi kaza. Ƴan wasan suka ce su ba za su bi ayari ba, kasuwa za su tsaya su nemi wanda ya sace takalman maƙeri. Na sa guguwa ta taso, na sa dogarai suka rufe kasuwa, duk don in kora su hamada. Ɗan yayata ya ajiye kofinsa ya ce, "Kawu, in ka riga ka san inda za mu, me ya sa kake tambayarmu?" Maganar ta shige ni. Tun daga ranar, shafi ɗaya nake shiryawa.

A shafin nan abu uku nake sawa: wuri, mutanen wurin, da wata matsala da za ta ci gaba da ruɓewa ko an kula ta ko ba a kula ba. Ga na makon jiya. Gari mai rijiya ɗaya, ruwa yana ja da baya, ayarin raƙuma 200 zai sauka nan da kwana uku. Maigari yana son kuɗin sauka, don haka ba ya son a ji labarin ƙarancin ruwa. Mai tsaron rijiya yana sayar da ruwa da dare ga wasu baƙi. Akwai wata tsohuwa da ta san inda aka binne tsohuwar rijiya, amma ta yi rantsuwa ba za ta sake yi wa gidan maigari magana ba. Shi ke nan. Ban rubuta yadda za a warware ba, don wannan aikin ƴan wasa ne. Kowane mutum ka ba shi abin da yake so da wata alama ɗaya da za a gane shi: maigari gyaran murya yake yi kafin ya yi ƙarya, tsohuwar kuma ba ta kallon wanda take yi wa magana. Ba sai ka iya sauya murya ba. Alama ɗaya ta isa, bayan mako uku za ka ji yara suna cewa "ai mai gyaran muryar nan ne".

Sai maganar ƙwaya, inda sababbin madugai suka fi tuntuɓe. Kada ka sa a jefa don abin da kowa zai iya, kamar ɗaure raƙumi ko sayen goro. Jifa sai in abu biyu sun haɗu: ana iya kasawa, kuma kasawar za ta canza wani abu. Tsarin da muke bi na aro ne daga wasan Apocalypse World na 2010. A jefa ƙwaya biyu, a haɗa. In ya kai 10 ko fiye, ka yi nasara. Daga 7 zuwa 9, ka samu amma da tsada. In 6 ne ko ƙasa, abu ya ɓaci. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36: guda 6 nasara ce tsantsa, 15 na tsakiya, 15 na ɓaci. Shi ya sa nake ƙara wa kowa 2 a sana'arsa, 1 a wani abin da ya ɗan iya, in rage masa 1 a inda yake da rauni.

Wancan tsakiyar, 7 zuwa 9, nan daɗin wasan yake. Maharbinmu ya ce zai bi mai tsaron rijiya da dare a ɓoye. Ya girgiza ƙwayoyin a tafin hannu, ya watsa su cikin faranti, ɗaya ta yi ta juyi a gefen kofin sukari kafin ta kwanta: 5 da 1, ga 2 na sana'a, 8 ke nan. Na rage murya na ce, "Ka gan shi yana cika salkuna a kan jakuna uku. Amma da ka juya, ga yarinyarsa tsaye da fitila tana kallonka. Me za ka yi?" Ƙanena har ya manta da buta, shayi ya zube a wuta. Wannan tambaya, "me za ka yi?", ita ce sandar madugu. Ka faɗi abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji, ka yi tambayar, ka yi shiru. Shirun yana da wuya, amma ka daure. In kuma jifa ta ɓaci, kada ka ce "ba ka iya ba" ka wuce. Sa wani abu ya faru, igiya ta tsinke, ko kare ya yi haushi.

A kowace fada akwai mai baki da mai kunya. Yadda kofin shayi ke zagayawa ba a tsallake kowa, haka nake zagayawa da tambaya. In bafatake ya cika wuri da ciniki, sai in juya ga ƙaramin cikinmu: "Kai ƙane, kana bakin ƙofa, me kake yi yanzu?" Shayin kuma shi ne agogona. Na farko mai ɗaci, a shiga matsala. Na biyu, ta cakuɗe. In an fara zuba na uku mai zaƙi, na san lokacin tattara zance ya yi.

Kafin ku fara zaman farko, ku yi magana biyu. Ta farko da manya ce. Duk dattijon da ya ga ƙwaya a faranti, caca zai fara zato, kuma yana da gaskiyarsa. Ni na je na durƙusa na ce, "Baba, labari ne muke haɗawa, ko dala ba a sawa, ka zo ka gani." Ya zauna rabin awa, ya ba maƙeri shawara, ya shiga gida. Ta biyu tsakaninku ce: me ba ku so ya shiga labari. Mu mun cire wasa da addini, mun cire mai da wata ƙabila mugaye, mun cire rikicin manoma da makiyaya da harin ƴan bindiga, don a cikinmu akwai wanda abin ya taɓa gidansu. Ban tambaye shi dalili a gaban mutane ba, kuma kai ma kada ka tambaya.

Ka tsayar da wasa a inda zuciya ke rataye, kuma kafin ka kwanta ka rubuta layi huɗu ko biyar, don mako guda yana shafe abubuwa da yawa. Na Asabar da ta wuce ga shi: yarinyar ta ga maharbi, ba ta faɗa wa ubanta ba tukuna, mai magani ya yi wa tsohuwa alkawarin da bai san yadda zai cika ba, maƙeri yana bin maigari bashin gatari biyu, saura kwana ɗaya ayari ya sauka.