Dabarar lissafin resista in sun haɗu siris da faralel

'Yan uwa ɗaliban lantarki na Bauchi, kar ku ɓata lokaci da doguwar fomula.

In resista biyu suna faralel, wato kafafunsu a haɗe gefe da gefe, ninka su, ka raba da jimlarsu, shikenan. Om 6 da om 12: 72 a raba da 18, om 4 kenan.

Yanzu ace akwai wata mai om 4 a siris da su, wato jere a layi ɗaya da su, batir kuma bolt 12. A siris tarawa ake yi, 4 da 4 jimla om 8. Dokar Om ta ce karan, wato wutar da ke gudana, shi ne bolt a raba da om: 12 a raba da 8, amfiya 1.5.

Karan ɗin nan duka ta resistar siris yake bi, don haka ta ci bolt 6 (1.5 sau 4), sauran 6 na kan biyun can, kowacce 6 ɗin take gani tunda kafafunsu a haɗe suke. Pawar resistar siris kuwa bolt sau karan, wat 9, to ka ga 'yar kwata wat ɗin da kake saya a kasuwar Wunti ƙonewa zata yi nan take.

Amsar faralel dole ta gaza ƙaramar cikinsu, in ta fi, sake lissafi.

Amma fa in uku ne a faralel kar ka ninka su gaba ɗaya, bi su bibbiyu. Kuma kar ka gwada da LED, wato ɗan ƙaramin ƙwan fitilar nan, ba ta bin dokar Om.